Kunya Ɗaya Kowace Damina: Yadda Na Fahimci Adalci da Tsayuwa Gaban Zalunci

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, a jihar Jigawa, akwai wata bishiyar aduwa a gonar marigayi mijin gwaggona. Ina yaro da ni ake zuwa shuka a gonar, shi yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna takewa da diddige, kuma na san cewa idan aka wuce aduwar ta gabas akwai sauran kunya tara kafin a kai ga layin gambar da ya raba shi da maƙwabcinsa. Da Allah ya yi masa rasuwa, ya bar gwaggo da 'ya'ya uku, biyu mata da ƙaramin namiji wanda bai isa riƙe fartanya ba. Maƙwabcin nan mai shanun huɗa ne, kuma duk damina idan ya zo huɗa sai garmarsa ta lashe kunya ɗaya daga ɓangarenta. Babu wanda yake tayar da jijiyar wuya saboda kunya ɗaya. Da aka shekara tara ana haka, sai ga aduwa ta dawo bakin iyaka, gambar kuwa an daɗe da tuge ta.

Na fara da wannan gona ne domin a nan na koyi abin da nake son yin fashin baƙi a kansa. Idan aka ambaci adalci a cikin al'umma, hankalin mutane yakan tafi Abuja, ya tafi kasafin kuɗi da manyan ɓarayin gwamnati, kuma ba a yi kuskure ba, domin asibitin da babu magani da ajin da babu malami daga can matsalarsu take tasowa. Sai dai wanda ya zauna a karkara ya san cewa zaluncin da ya fi cin mutum shi ne wanda yake zuwa a hankali, daga hannun wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci, a gaban idon mutanen da duk sun san gaskiyar magana.

Malamanmu sun fassara zalunci da cewa shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, adalci kuwa shi ne ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Ni abin da na ƙara fahimta da zama cikin mutane shi ne, ana auna adalcin gari da halin da wanda ba shi da kowa yake ciki. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To, garin da ke da adalci shi ne wanda marar uwa a gindin murhu ma zai sami miyarsa, ba don an ji tausayinsa ba, sai don rabonsa ne. Bambancin da ke tsakanin tausayi da haƙƙi babba ne, kuma mun daɗe muna cakuɗa su. Maƙwabcin da nake magana a kansa yakan aika wa gwaggo da damin gero da kaka, ya aika da turmin atamfa da salla, mutane suna ta sa masa albarka suna cewa yana riƙe da marayu. Abin da yake girba a kunyoyin nan tara ya ninka abin da yake aikawa. Kyauta tana sa wanda aka ba ya sunkuyar da kai ya yi godiya, haƙƙi kuwa mutum yana karɓarsa ne kansa a ɗage, shi ya sa azzalumi mai wayo ya fi son ya yi kyauta da ya biya haƙƙi.

Ranar da gwaggo ta kai ƙara zauren mai unguwa ina wurin. Ta tsaya daga bakin ƙofa lulluɓe da mayafi, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, gonar marayu ce, ba tawa ba ce da zan yafe." Dattawa kusan goma ne a zaune, kuma babu ɗaya daga cikinsu da bai san inda gambar take a da ba. Aka yi ta gyaran murya, wani ya ce ƙasa ba ta ƙarewa, wani ya ce Alhaji, wato maƙwabcin nan, mutum ne mai alheri, daga ƙarshe aka haɗu a kan kalma ɗaya, wato ta yi haƙuri. Ni ma ban ce uffan ba. A lokacin Alhajin yana bi na bashin buhun taki biyu, kuma na gaya wa kaina cewa yaro ba ya magana a gaban manya, alhali ina da mata da 'ya'ya, ina koyarwa a firamare. Da muka fito gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗana, ai da kai aka yi shukar." Har yau idan na tuna wannan magana nakan ji nauyi a ƙirjina.

Daga ranar na soma lura da yadda muke amfani da kalmar haƙuri. Haƙuri ɗabi'a ce mai girma, kuma addini ya yabe ta a kan abin da ya zo daga Allah, kamar ciwo da rashi da fari da ambaliya irin wadda ta cinye gonaki a Ringim da Auyo da Kafin Hausa a 2022. Amma a zaurukanmu kusan kullum wanda aka cuta ake ba haƙuri, ba a cika jin an ce wa mai ƙarfi ya yi haƙuri ya mayar da abin da ya ɗauka ba. Idan aka ba marar ƙarfi haƙuri alhali haƙƙinsa yana hannun wani, abin da ake nufi shi ne ya yi shiru domin masu zaman sulhu su tashi lafiya. Sulhun gaskiya yana farawa ne da faɗar wanda yake da gaskiya, sannan a roƙi mai haƙƙi ya yafe idan ya ga dama. A shari'ar gwaggo ma ba ta da ikon yafewa, domin a rabon gado tumunin takaba ne nata, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran na marayu ne, kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya kwatanta masu cin dukiyar marayu da masu zuba wuta a cikinsu. Hadisi ingantacce ya zo cewa wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai. Duk dattawan zauren sun san waɗannan nassoshi, wasunsu ma su suke karantar da su.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Zalunci a karkara ba ya rayuwa da ƙarfin azzalumi kaɗai, yana rayuwa ne da shirun shaidu. A birni mutum zai iya cutar wani a ɓoye, amma a ƙauye babu iyakar gonar da mutum goma ba su sani ba, babu gadon da aka danne ba tare da duk dangi sun ji ba. Tambayar da ta kamata ita ce, me ke rufe bakin shaidu? Amsar da na samu a kaina ita ce bashi da buƙata. Wanda yake da shanun huɗa da injin ban ruwa da rumbu cike, shi ne yake ba da hatsi a tsakiyar marka lokacin da rumbunan talakawa suka ƙare, irin bashin nan da iyayenmu ke kira falle, ka ɗauki dami ɗaya ka biya biyu da kaka. Shi ne yake ba da taki, shi ne motarsa take kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Idan kaka ta yi, manomi yana kwasar riɗi da gero zuwa kasuwar Gujungu ya sayar da araha domin ya biya bashi, bayan wata shida ya dawo ya sayi geron nan da tsada, sau da yawa daga hannun wanda ya saya a wurinsa. Mutumin da ke cikin wannan zagaye ba matsoraci ba ne idan ya yi shiru, bakinsa ne aka jinginar tare da gonarsa. Shi ya sa nake ganin maganar adalci ba ta rabuwa da maganar tattalin arziki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na taki da na ban ruwa suka tashi, yawan waɗanda ba sa iya ɗaga murya a zaure ya ƙaru.

Doka ma tana da nata kason. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, ta kuma ba gwamnati damar karɓar fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta fi mayar da hankali a kai ita ce ta abin da ke kan ƙasar, wato gini da amfanin gona da bishiyoyi, ba darajar ƙasar kanta ba. Manomin da ya gaji gona kaka da kakanni, ba shi da takarda sai shaidar maƙwabta da dagaci, idan aka zo karɓar gonarsa da rani lokacin da babu komai a kanta sai karan dawa, zai iya tashi da abin da bai kai kuɗin noman shekara ɗaya ba. A nan ma shaida ce dukiyarsa. Haka abin yake a ofishin 'yan sanda: kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan tana nesa, kuma beli kyauta ne, amma wanda bai san haka ba yakan sayar da akuyar matarsa ya fanshi ɗansa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci wannan ba, kuma ƙasar nan tana da tarihin da bai kamata mu manta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a bayaninsa na abubuwan da suka sa aka yi jihadin 1804, ya lissafa harajin zalunci da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da ƙwace dukiyar talaka a cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa. Bayan kusan shekara ɗari da hamsin, a ranar 8 ga Agusta 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta, kuma kukan bai canza sosai ba: haraji, jangali, aikin tilas, da kotunan En'e da ake ɗaure mutum a cikinsu saboda ra'ayinsa. Dattawan garinmu da suka ga zamanin sun ba mu labarin yadda mutum kan gudu daji idan lokacin haraji ya zo, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Sai a 1979, lokacin da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kano a ƙarƙashin PRP, aka soke haraji da jangali, kuma Jigawa tana cikin Kano a lokacin, domin sai a 1991 aka ƙirƙire ta. Tsakanin kafa NEPU da soke haraji shekara ashirin da tara ne. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne, yawancin waɗanda suka ɗauki wahalar teloli ne da 'yan koli da manoma da malaman zaure, mutanen da su ma ana bin su bashi, su ma suna da iyalin da za su ji tsoro a kansu. Ƙarfinsu ya zo ne daga cewa idan aka ɗaure ɗaya, sauran suna noma masa gona.

Wannan darasin ne ya fitar da ni daga shiru, amma ba a rana ɗaya ba. Na shekara biyu kafin na biya bashin takin, kuma sai da na biya na ji harshena ya sake. Na zaga wurin mutum uku da muka yi shuka tare a gonar muna yara, da wani tsoho da ya taɓa yin ƙodago a cikinta, na ce musu ba faɗa za mu yi ba, abin da muka sani kawai za mu faɗa, kuma tare za mu faɗe shi domin kada a ware ɗaya. Biyu suka amsa, biyu suka ba ni uzuri, ban kuma riƙe su a zuciya ba domin na san irin igiyar da ke wuyansu. Muka raka gwaggo gaban dagaci. Da aka ba ni dama na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni shaida ne, aduwar nan a cikin gonar marigayi take, kuma akwai kunya tara a gabashinta." Muryata tana rawa, Alhaji yana zaune kusa da ni har ina jin ƙamshin turarensa. Ban zage shi ba, ban kira shi azzalumi ba, na ma gaishe shi kafin na fara, domin sa'an mahaifina ne.

Dagaci ya tura wakilai aka je gonar, tsohon nan ya nuna inda saiwar gamba ta taɓa kasancewa, aka yi ta ja-in-ja har la'asar. A ƙarshe kunya shida aka mayar, uku suka tafi da sunan sulhu, kuma babu wanda ya yi maganar amfanin shekarun da aka ci. Ban ɗauki wannan cikakken adalci ba, kuma ba zan ce an yi nasara ba tare da asara ba. Alhaji ya daina amsa gaisuwata fiye da shekara, na rasa mai ba ni taki bashi, wasu 'yan uwa suka ce na zubar da mutuncin gidanmu. Amma mun sa an rubuta iyakar a takarda da sa hannun shaidu, aka dasa dashi a layin, kuma yaron da bai isa riƙe fartanya ba a da, yau shi yake noma gonar.

Akwai masu ganin cewa tsayuwa gaban zalunci tana nufin ɗaukar gora, kuma ina jin zafin da ke sa matasa tunanin haka idan tura ta kai bango. Ban yarda da wannan hanya ba, domin na ga inda take kaiwa. Taron da ya kama wanda ake zargi da satar babur ya kashe shi kafin a tambaye shi sunansa, ya aikata zaluncin da ya fi satar girma, kuma sau da yawa wanda ake kashewa baƙo ne marar gata, irin mutumin da adalci ya kamata ya fara karewa. Rikicin manoma da makiyaya da ake yawan samu a fadamun Guri da Kirikasamma ma yana da wannan fuska. Mu manoma muna saurin ganin shanun da suka shiga gona, kuma ɓarna ce da dole a biya, amma ba ma son a tuna mana cewa burtalin da kakanninmu suka bari mai faɗi mu ne muka cinye shi, da irin garmar nan da irin kunya ɗayan nan kowace damina, har saniya ba ta da inda za ta bi ta kai ga ruwa. Ayar da ta umarce mu da tsayuwa da adalci ta ce ko da a kan kanku ne ko iyaye da dangi, kuma wannan gaɓar ce ta fi wuya. Ni kaina na taɓa riƙe kuɗin ɗan ƙodago kwana huɗu saboda na san ba shi da inda zai kai ni ƙara, kuma ban ga bambancin wannan da abin da Alhaji ya yi ba sai a yawa. Gidaje nawa ne a garinmu da 'yan uwa maza suke noma gonar gado shekara ashirin, 'yan uwansu mata suna gidan aure ana aika musu da kwano biyu na gero a matsayin alheri, alhali Allah ya yanka musu rabo sananne?

Akwai wani abu a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da nake yawan komawa gare shi. Tun kafin a aiko shi, wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya kawo kaya Makka, wani babban mutum ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alƙawarin cewa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul, kuma Manzon Allah ya halarta yana matashi, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Ba su jira wani sarki ba, kuma ba su bar mutum ɗaya ya tunkari mai ƙarfi shi kaɗai ba. Haka kuma ya ce a taimaki ɗan uwa ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi ya ce a hana shi zaluncin. Da dattawan zaurenmu sun yi wa Alhaji magana tun a kunya ta farko, da sun yi masa gata, da kuma ba a kai ga ranar da zai ji kunya gaban dagaci ba.

A bara mu bakwai a unguwarmu muka fara wani ɗan asusu. Kowa yana ajiye tiya biyar na gero da kaka a rumbu ɗaya, idan marka ta yi wanda ya shiga matsi ya ara, ya mayar da daidai abin da ya ɗauka ba ƙari. Mun kuma ɗauki littafi muna bin gonakin zawarawa da marayu ɗaya bayan ɗaya tare da maƙwabtansu, muna rubuta iyaka da bishiyoyin da ke kanta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ajiye kofi ɗaya wurin mai unguwa ɗaya wurin liman. Zuwa yanzu mun rubuta gona goma sha ɗaya, akwai biyu da maƙwabtan suka ƙi fitowa, kuma mun sa ranar komawa wurinsu bayan an gama girbin dawa.